Kilo 127 gare ni, sau huɗu ina fara rage ƙiba ina komawa: ina ake samo ƙarfin zuciyar?

Baban_Khalifa_BK:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai mini iya wuya. Shekarata 43, shinkafa nake sayarwa a babbar kasuwar Birnin Kebbi, daga safe har bayan la'asar a kan benci guda nake wuni. Makon jiya na hau sikeli a asibiti, kilo 127, tsawona kuwa mita 1.70. Likita ta ce jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa.

Amma ba wannan ne ya karya mini zuciya ba. Ranar Juma'a, bayan sujada ta biyu na kasa miƙewa, sai da yaron da ke gefena ya kama hannuna. Da aka sallame wani dattijo da ya isa ya haife ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, ka riƙa zuwa da kujera." Da tausayi ya faɗa, amma har na isa gida idona bai bushe ba.

Sau huɗu ina farawa. Wanda ya fi daɗewa shi ne na bara, na yi mako bakwai ba na cin abincin dare, na sauke kilo 8, aka yi bikin ƙanwata, daga nan ban sake waiwayar maganar ba. Yanzu na mayar da takwas ɗin har da ƙarin biyar. Ni na san abin da ya kamata a ci da wanda bai kamata ba. Abin da na rasa shi ne zuciyar da za ta ɗore. Don Allah duk wanda ya taɓa sauke nauyi mai yawa, kamar kilo 30 ko 40, ya gaya mini gaskiya: daga ina ya samo wannan juriyar?

Inna_Hauwa_Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗana, ya sa kaffara ne. Fitowar da ka yi ka faɗa ma ba ƙaramin abu ba ne.

Kaura_Namoda_77:
Alhaji ka yi haƙuri, ni ba na iya kwana-kwana. Babu wani sirri. Bakinka ne, hannunka ne, ba wanda ya ɗaure ka ya ɗura maka. Mutumin da ke yin azumin kwana 30 a zafin Kebbi ba zai ce ba shi da ƙarfin zuciya ba. Ka kame bakinka kawai.

MalaminIslamiyya_Gwandu:
Ɗan uwa, ka fara da gyara niyya. Jikinka amana ce. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in kuma ya zama dole to ya raba uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Cikin Suratul A'araf aya ta 31 kuma an ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Tunda abin da ya taɓa ka sujada ce, ka riƙe ta. Kada ka ce "ina son in rame." Ka ce "ina son in sa goshina a ƙasa in tashi da ƙafata har ƙarshen rayuwata." Wannan niyyar ta fi waccan nauyi a zuciya, ranar da kasala ta zo ita za ta tashe ka.

Nas_Gusau:
@Kaura_Namoda_77 Yaya, da abin kame baki ne kawai da ba mu ga layin masu hawan jini da sukari kullum a wurin aiki ba. Shekarata 14 ina aikin jinya, bari in faɗi abin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan mutum ya sauke nauyi, jikinsa ba ya zuba ido. Sinadarin da ke sa jin yunwa, wanda ake kira girelin, yana ƙaruwa, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, wato leftin, yana raguwa, kuma jikin yana rage yawan kuzarin da yake ƙonawa. Wato mutum ya fi jin yunwa daidai lokacin da jikinsa ke buƙatar ƙasa da abin da ya saba. Shi ya sa Alhaji ya mayar da takwas ɗinsa. Ba ragwanci ba ne. Azumi kuwa wata guda ne, kowa na yi tare da kai, kuma ka san ranar sallah. Wannan ba shi da ranar sallah.

Alhaji, ga lissafin da ake auna ƙiba da shi. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 127 da shi a samu kusan 44. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran 25 zuwa sama nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba. Kenan naka na buƙatar likita ya riƙa bibiya, ba kai kaɗai a ɗaki ba. To amma ga abin da nake so ka riƙe: ka cire kilo 40 daga ranka tukuna. Kai mai shinkafa ne, ka san kilo 40 ya kusa buhu guda, wa zai kalli buhu a kansa bai karaya ba? Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 6 zuwa 13, ya isa ya fara sauko da jini da sukari. An yi wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 kan mutanen da sukari ke bakin ƙofarsu irin naka: waɗanda aka sa wa burin sauke kashi 7 cikin 100 tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, shi ne tafiyar da ake so.

Baban_Khalifa_BK:
@Nas_Gusau Allah ya saka da alheri Hajiya. Wallahi ban taɓa jin wannan bayanin yunwar ba. Ni na ɗauka ni ne lalatacce.

Ɗan_Kabi_Argungu:
Alhaji, ni na bi hanyar nan, bari in ba ka labari dalla-dalla ko za ka tsinci wani abu. Direba ne ni, Argungu zuwa Sakkwato. Na kai kilo 119, yau ina 88, shekara biyu da wata huɗu ya ɗauke ni. Kuma amsar tambayarka ita ce ban samo juriyar ko'ina ba. Na jira ta shekara da shekaru ba ta zo ba. Abin da na yi shi ne na daina kai kaina inda zan buƙace ta.

Misali. A tasha akwai mai firiji da nake zama kusa da shi ina jiran lodi. Kwalba uku ta lemo nake sha a wuni, wata rana huɗu in rana ta buɗe. Kullum in ce yau ba zan sha ba, kullum in sha, domin kuwa firijin na kallona ina kallonsa. Sai na canza wurin zama, na koma ƙarƙashin dalbejiya can ɗaya gefen, na sayi jarka ƙarama matata na sa mini ruwa da ƙanƙara. Shi kenan. Wata biyu ban canza komai ba ban da wannan, kilo 4 suka tafi.

Na biyu, tire. Mu biyar muke haɗa hannu a tire ɗaya da rana, kuma kowa ya san cin taro, ba ka sanin abin da ka ci, hannu ne kawai ke zuwa yana dawowa. Na sayi kwanon silba madaidaici na ce a riƙa zuba mini nawa daban. Ranar farko abokaina sun ji haushi, wani ya ce ko ƙyamar su nake yi. Na ce masa likita ne ya ɗora mini. Bayan mako guda ba wanda ya sake magana.

Na uku, na zauna da uwargida na gaya mata komai, har da tsoron da nake ji na in mutu in bar mata yara ƙanana. Ita ce ta rage man miya, ita ce ta fara dafa mini zogale da ƙuli kafin tuwo, in ci shi tukuna sannan malmala ɗaya. Da ban sa ta ciki ba, da ban kai ko'ina ba, tunda ba ni ke riƙe da ludayi ba.

Kuma na faɗi, ba sau ɗaya ba. Babbar sallah ta farko na mayar da kilo 3 cikin kwana goma, soyayyen nama a ko'ina. Bambancin kawai, a da in na faɗi sai in ce shi kenan an ɓata, in ci gaba da ci wata shida. Wannan karon ranar da naman ya ƙare na ɗauko kwanona. Kai ma ba bikin ƙanwarka ne ya kayar da kai ba, washegarin bikin ne.

Maman_Biyu_Yauri:
"Washegarin bikin ne." Wannan ta shige ni. Ni ma nan nake faɗuwa.

Amma ku maza naku da sauƙi wallahi. Ni bayan haihuwar tagwaye, jego ya bar ni da kilo 104. Kunun kanwa da safe, gasasshen nama da yaji, tuwo sau uku, in ka ce ka ƙoshi a ce yara ba za su samu nono ba. Da na yaye su na fara ragewa, na sauke kilo 11, sai surukata ta kira ɗanta gefe ta tambaye shi ko ba ya ba ni abinci ne. Wata maƙwabciya kuma ta tambaye ni a gidan suna, gaban mutane, wai ko wani ciwo nake ɓoyewa. Na dawo gida na yi kuka. A wurinmu in mace ta yi ƙiba an ce tana cikin daula, in ta rame an ce tana cikin wahala ko za a yi mata kishiya. Da wanne mutum zai ji, da yunwar cikinsa ko da bakin dangi?

Zarah_Tsafe:
Anti ai har yanzu 'yan mata na shan sha-ka-fashe kafin biki don su ciko. Ƙawata ta sha, fuskarta ta kumbura kamar an hura.

Nas_Gusau:
@Zarah_Tsafe Ki gaya wa duk wadda kika sani ta bari. Galibin abin da ake haɗawa deksametazon ne da wani maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki, sifuroheftadin. Na farkon yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana hawar da jini da sukari, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali, don yankewar ma na da haɗari.

@Maman_Biyu_Yauri 'Yar uwa, ki sa maigidan ya zama shi ne mai ba da amsa. In ya ce wa mahaifiyarsa "Inna, ni na ce ta rage saboda likita," magana ta mutu.

Sarkin_Ganye_01:
Jama'a kuna ta wahalar da bawan Allah. Akwai shayin rage tumbi, sati biyu kawai, ba sai ka bar cin komai ba. Ko kuma ruwan zafi da lemun tsami da citta kullum da safe, yana narkar da kitse.

Ɗan_Kabi_Argungu:
Na sha shayin nan kwali biyu kafin in yi hankali. Gudawa ce kawai, sau uku ina tsayar da mota a hanyar Sakkwato fasinjoji na jira. Sikeli ya nuna na ragu, bayan kwana huɗu komai ya dawo, ashe ruwan jikina ne ya zube.

Nas_Gusau:
Haka ne. Yawancinsu masu sa zawo ne ko yawan fitsari, kuma mai hawan jini da ke shan magani bai kamata ya kusance su ba, ƙoda ake wahalarwa. Lemun tsami da citta ba laifi, amma ba sa narkar da komai. Amfaninsu ɗaya, in sun maye gurbin shayi mai sukari cokali biyar.

Bagudu_Manomi:
Ni tambayata kan shinkafa ce. Duk wanda ka je wurinsa sai ya ce bar shinkafa, ci kaza ci kaza na kanti. Mu nan shinkafa muke nomawa, ita muke ci, tuwonta ne darenmu, ita ce ranarmu. Kakana ya ci tuwon shinkafa har ya shekara tamanin bai yi tumbi ba. Yaya za a ce wa mai sayar da shinkafa a Kebbi ya bar shinkafa?

Gummi_Tsoho:
Wanga zance gaskiya na, amma kakanka da ƙafa shika zuwa fadama, shi yi noma har azahar, shi dawo da ƙafa. Mu kau daga ƙofar gida sai kan mashin, ko masallacin unguwa sai an hau. Kuma su hura da nono suka sha ba sukari, mu yanzu sai an zuba mata cokali huɗu an ƙara madarar gwangwani. Abincin bai canza da yawa ba, mu munka canza.

Nas_Gusau:
Baba ya gama magana. Ba wanda ya ce a bar shinkafa. A raba faranti ne: rabi ganye, zogale ko rama ko kabeji ko yakuwa, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan shinkafa ko tuwo. Duk a kasuwarku suke, kuma ku da ke da kifin Yauri da Argungu ba ku da uzuri. Inda ɓarnar take ɓuya shi ne mai da sukari. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kusan kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), ku tuna yadda ake kwarara shi a kan shinkafa da wake ko ɗanwake. Kwalbar lemo ta rabin lita kuwa tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a wuni gaba ɗaya, ta ma fi son a tsaya a rabin haka.

Kaura_Namoda_77:
To duk wannan da kuke lissafawa, canza wurin zama, sayen kwano, raba faranti, wa zai yi su? Ba mutum ne zai yanke shawara ya tashi ya yi ba? Kun zagaya kun dawo kan maganata.

MalaminIslamiyya_Gwandu:
Akwai gaskiya a maganarka, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi azama sau ɗaya ya nisanci wurin fitina da wanda ya zauna a wurin yana kokawa da ransa sau hamsin a wuni. Ko a addini nisanta aka ce mu yi. Ni zan ƙara da azumin Litinin da Alhamis, ga lada ga lafiya.

Hajiya_Rafin_Atiku:
Malam a gafarce ni, azumi na da kyau amma a faɗa masa gaskiyar buɗa-baki. Ni duk Ramadan ƙaruwa nake yi. Ƙosai, soyayyen dankali, kunu da sukari, zoɓo mai sanyi, sannan a zo a ci abinci bayan tarawi, a tashi sahur a ƙara. In zai yi na Litinin da Alhamis ya sha ruwa da dabino uku, ya yi magariba, ya ci abincin da ya saba ci a daren da ba azumi. In ba haka ba ramuwar gayya cikin zai yi.

Nas_Gusau:
Kuma ya tambayi likitarsa tukuna, tunda an fara maganar sukari. Wanda ke kan allurar insulin ko ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas in ya yi azumi ba a daidaita masa magani ba.

Baban_Khalifa_BK:
Na karanta komai, wasu sau biyu. Tunda kun buɗe mini zuciya bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Matsalata ba rana ba ce, dare ne. Bayan na ci tuwo a gida, wajen ƙarfe sha ɗaya sai in fita wurin mai shayi, taliyar leda biyu da ƙwai uku, burodi, shayi mai kauri. Ba yunwa ke kai ni ba. Akwai bashin da na shiga shekara uku da suka wuce, wani da na yarda da shi ya karɓi kaya bai dawo ba. In na kwanta lissafi ke hana ni barci, sai in tashi in tafi can, ana hira ana dariya, in ci in dawo jikina ya yi nauyi sannan barci ya ɗauke ni. Ko iyalina ba su san ina ci a can ba, sun ɗauka hira kawai nake zuwa.

Inna_Hauwa_Jega:
Allah sarki. To ɗana, ai ba cikinka ke jin yunwa ba. Allah ya warware maka bashin nan ta inda ba ka zato. Ka gaya wa matarka, ka ji? Mace na iya ɗaukar abin da ya fi wannan.

Ɗan_Kabi_Argungu:
Alhaji yanzu ka zo wurin. Wannan cin daren kaɗai in ya fita, ba ka taɓa komai na rana ba, za ka ga canji. Amma kada ka ce za ka bar zuwa kawai ka kwanta kana kallon silin, ba za ka jure ba, domin hirar kake bukata. Ka nemi abin da zai zauna a gurbinsa. Ni da na bar zaman firiji ai wata inuwar na koma, ba rana na tsaya ba. Ko ka je da wuri bayan isha'i, ka sha baƙin shayi ba sukari, ka bar kuɗi a gida in ban da na shayin, ka gaya wa mai shayin da bakinka kada ya soya maka komai ko ka roƙe shi.

Nas_Gusau:
Ƙarancin barci shi ma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi da maiƙo washegari, babba na bukatar awa 7 zuwa sama. Tambaya ɗaya Alhaji: kana minshari mai ƙarfi, har iyali su ce kamar numfashinka na tsayawa, ka tashi da ciwon kai kana gyangyaɗi da rana? In eh, ka gaya wa likita, akwai ciwon ɗaukewar numfashi a barci da ke yawan zuwa da irin wannan nauyin kuma yana ƙara hawan jini. Damuwar bashin ma ka faɗa mata, ba abin kunya ba ne.

Baban_Khalifa_BK:
Minsharin kam ana yi mini ƙorafi. Zan faɗa mata ranar Talata in sha Allahu.

Anka_Bello_Waya:
Ni ina da tambaya a gefe. Allurar nan da ake ta magana, Ozempic, ba za ta hutar da mutum duk wannan ba?

Nas_Gusau:
Sunan maganin semagulutaid. Ozempic na masu ciwon sukari ne, Wegovy kuma shi aka yi don ƙiba, sau ɗaya ake yi a mako. Yana rage yunwa sosai kuma yana aiki, ba ƙarya ba ne. Amma yana da tsada ƙwarai, yana sa tashin zuciya da amai ga wasu, akwai jabu a kasuwa, kuma in aka daina yawancin nauyin na dawowa. Ba abin saya a intanet ba ne, sai likita ya duba ya rubuta.

Maman_Biyu_Yauri:
Mu koma kan motsa jiki don Allah. Ku maza kuna iya fita bayan asuba. Ni in na fita ina zagaya unguwa da sassafe gobe sai labari ya kai gidanmu.

Zarah_Tsafe:
Anti mu nan ko mazan ba sa fita bayan gari da duhun asuba saboda yanayin tsaro. Mamana a tsakar gida take yi. Ta ƙirga, daga ƙofar kicin zuwa zaure taku 22 ne, tana zuwa tana dawowa da carbi a hannu tana azkar ɗin safe har minti talatin. Da farko muna mata dariya, yanzu ni da matar yayana mun shiga layi. Gwiwarta da ke hana ta barci ta yi sauƙi sosai.

MalaminIslamiyya_Gwandu:
Madalla da wannan uwa. Masu ganin motsa jiki bai dace da mace ba su tuna Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya ƙaru suka sake ya wuce ta. Kuma ita ce ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Hajiya_Rafin_Atiku:
@Maman_Biyu_Yauri mu huɗu ne a layinmu muke haɗuwa gidan ɗaya daga cikinmu mai faɗin tsakar gida, bayan yara sun tafi makaranta. Ranar da na ji kasala sai in ji ana buga ƙofa. Ni dai ban yarda ina da wani ƙarfin zuciya ba, kunyar su nake ji.

Kaura_Namoda_77:
Alhaji, da na san da maganar bashin da ban yi maka magana da zafi haka ba, ka yafe ni. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya. Mahaifina ciwon sukari ne ya ci ƙafarsa, an yanke ta yana da shekara 58. Kowa ya lallashe shi, ba wanda ya iya kallon idonsa ya ce masa bari. Ni na ɗauke shi zuwa banɗaki shekara biyu. Shi ya sa in na ji ana ta sannu-sannu sai raina ya ɓaci. Wani lokaci tsoro ma magani ne.

Ɗan_Kabi_Argungu:
Allah ya jiƙan Baba. Tsoro ne ya tashe ni ni ma, ban musa ba. Sai dai tsoro kamar wutar kara ne, yana kamawa da ƙarfi ya mutu da wuri. Na Juma'ar nan da Alhaji ke ji, nan da mako uku zai dushe. Abin da ya shimfiɗa kafin ya dushe shi zai rage masa.

Kaura_Namoda_77:
Nawa bai dushe ba, shekara tara kenan.

Baban_Khalifa_BK:
Babu komai ɗan uwa, Allah ya gafarta wa mahaifinka, maganarka ma ta yi mini amfani. Jiya da dare na gaya wa Maman Khalifa komai, har da mai shayi. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ita ta sani tun bara, ƙanshin ƙwai take ji a rigata. Mun yi magana har ƙarfe ɗaya, ban fita ba. Yau da safe na taka daga gida zuwa bakin titi na dawo, minti 12, sai da na tsaya sau biyu ina haki, bayana kuma ya riƙe. Lemon kwalba ban sha ba tun shekaranjiya, kaina na ciwo kaɗan. Na rubuta burina, kilo 120, a jikin bangon shago inda nake rubuta bashin 'yan sari, ban rubuta 85 ba.

Nas_Gusau:
Minti 12 ɗin nan ka tsaya a kansu mako guda kafin ka ƙara, kuma da takalmi mai taushi, ba silifas ba. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri ka tsaya ka je asibiti a ranar. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, da safe.

Gesse_Injiniya:
Alhaji ni ma a Birnin Kebbi nake, kilo 109, na karanta zaren nan tun daga farko ban yi magana ba. Ina zuwa wajen filin wasa na Haliru Abdu ranar Asabar da Lahadi bayan asuba, amma ni kaɗai, shi ya sa nake yawan fashi. In ba ka damu ba mu riƙa haɗuwa, tafiyarka za mu bi ba tawa ba.

Baban_Khalifa_BK:
Na yarda Injiniya. Asabar ina buɗe shago ƙarfe takwas, in mun fara shida da kwata zan samu. Ta wace ƙofa kake shiga?

Maman_Biyu_Yauri:
@Hajiya_Rafin_Atiku don Allah yaya kika fara yi wa maƙwabtan naki maganar? Akwai biyu a layinmu da nake ganin za su so, amma ina tsoron su ɗauka gori nake musu.